Kumburi a Haɓar Kansila

Litinin, 7 ga Yuli, da hantsi

Alhamdulillahi, zomayen sun kwana lafiya. Na shafa su ɗaya bayan ɗaya, daga bayan kunne har gindin wutsiya, yadda Dokta Loyis ta nuna min. Babu komai. Fata sumul, ido garau, kashi a dunƙule.

Tun da aka yi musu allurar nan nake son in riƙa rubutawa, don abin ya yi min yawa a ciki, kuma ba wanda zan gaya wa.

Ga yadda na tsinci kaina a nan. Kafin azumi haƙorina na can ƙurya ya hana ni sakat, na je aka cire. Dokta Loyis ce ta cire shi. Da ya fito sai wani ɗan guntun dasashi ya biyo shi, bai fi ƙwayar dawa ba. Ta tambaye ni ko zan ba ta. Na ce Dokta, abin da za a jefa a shara? Ta ce ita ba ta ɗauka sai mai shi ya yarda. Ta zaunar da ni ta yi min bayani: wai a cikin dasashin mutum akwai wasu ƙwayoyi kamar iri, waɗanda ba su riga sun zama komai ba tukuna. In an raine su, wata rana za a iya gyara wa mutum muƙamuƙin da ya lalace da su. Amma kafin a sa wa ɗan Adam, sai an sa wa dabba an ga ko za su zauna lafiya, ko kuwa za su yi tsiron da ba a sa su ba.

Da ta ce muƙamuƙi, sai na ce ta ɗauka.

Muna cikin hira ta ji cewa tun ina yaro nake kiwon zomaye a bayan gidanmu a Anguwan Rogo. Da lokaci ya yi ta aiko min. Yanzu ga ni a wani ɗaki ta wajen Naraguta, ni da zomaye farare tas, kuma abin da ke ƙarƙashin fatarsu namana ne. An cire a dasashi, an dasa. Oga Datong, mai yi musu awo da ɗibar jini, ya ce nawa ya fi na kowa tsiro a cikin kwanon da suke rainon ƙwayoyin, shi ya sa aka fara da shi. Yana faɗa yana murna. Ni ban yi murna ba.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan Azahar

Yau ma babu komai.

Lamba aka sa musu a kunne, amma ni ban iya hira da lamba ba. Akwai Hajiya Babba, akwai Direba da ba ya zama wuri ɗaya, akwai Kansila. Kansila shi ne mai teɓa. Sai ya cinye nasa, ya zura baki ta cikin waya yana neman na maƙwabci. Ranar da Oga Datong ya ji sunan sai da ya ajiye sikeli ya riƙe ciki.

Yanzu kullum gaisuwarsa ita ce, "Baban yara, yaya iyali?"

Na ce, "Oga, iyali sai ci."

Ya ce, "Ai gado ne. Amma ka ji, ko Dokta ya ba ka ɗaya kyauta, kar ka soya fa. In ka ci, kanka ka ci."

Shi kowa "ya" ne a bakinsa, har Dokta, har matarsa. Na taya shi dariya. Bai san inda kalmar gadon nan ta sauka ba.

Ba na son rubuta sunan abin. Abin da ya ɗauke mana Baba. A dasashi ya fara masa, ta hagu, ɗan abu kamar ƙwayar wake, yana taɓawa da harshe yana cewa goro ne ya soke shi. Sauran ba zan rubuta ba. Inna ta yi wankin ƙyallaye har fatar hannunta ta saɓule.

To ni ga yadda na tsara a raina. In abin nan yana cikin namana, zai fito a jikin zomayen nan kafin ya fito a nawa, tunda su rayuwarsu da sauri take tafiya. In sun wuce lafiya, zan ce wa Baffa Hamman ya je gidan su Safara'u ya nema min aurenta. In ba su wuce ba, ba zan ɗauko 'yar mutane ta zo ta yi abin da Inna ta yi ba.

Dokta ba ta san da wannan ba. Ba wanda ya sani.

Juma'a, 11 ga Yuli, da safe

Babu komai. Na shafa su sau biyu don in tabbata.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan La'asar

Na je wurin Safara'u. Ta fito zaure da zare maƙale a gyale, daga kan keken ɗinki ta taso. Ta kawo min masara gasasshiya, da zafinta.

Ta ce, "Baba ya sake tambaya."

Na ce, "Me ya ce?"

"Cewa ya yi, mutumin naki ke zai aura ko zomo?"

Na ce ta ba shi haƙuri, a ɗan ƙara min lokaci.

Ta ce, "Lokacin me, Malam Lukuman? Ɗaki ka gyara, an gaya min. Har fenti ka yi, shuɗi irin na shagon cajin waya. In fentin ne kake jin kunya, na yafe."

Na yi dariya har masara ta sarƙe ni. Ta tsaya tana kallona, kai a karkace, yadda take kallon yadi kafin ta sa almakashi.

Ta ce, "Wai me ya sa kullum hannunka yana kan kumatunka? Haƙorin ne har yanzu?"

Na sauke hannun. Ban ma san yana wurin ba. Na ce sanyi ne. Ta ce to, Allah ya kawo rana.

Na dawo gida zuciyata fes. In dai ta yi min tsiya, na san ba ta gaji da ni ba tukuna.

Talata, 15 ga Yuli, da yamma

Yau rana ce mai kyau.

Jiya Oga Datong ya ɗibi jininsu ta jijiyar kunne, ni ina riƙe da su a tawul ina musu magana. Yau Dokta ta shigo da fara'a tun daga ƙofa. Ta ce jini lafiya, hanta lafiya, ƙoda lafiya, kuma inda aka yi dashen ya kwanta ba ja ba zafi. Ta ce, "Lukuman, irinka yana da ladabi."

Na ce, "Allah ya sa, Dokta." Na fita bayan ɗaki kamar zan duba garin katakon da muke shimfiɗa musu, wanda ruwan jiya ya jiƙa muka shanya a ƙasa. A nan na yi sujada, goshina duk ya kwashi gari.

Ban hau keke ba da na tashi. Da ƙafa na biyo ta gefen tafkunan da aka haƙi kuza, ko'ina kore shar, mata suna wanke karas a bakin ruwa. Na daɗe ban lura cewa garin nan yana da kyau ba. Da na isa gida na ci tuwo har da ƙari, Inna tana kallona.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan Magariba

Babu komai yau ma. Kansila ya ƙara nauyi, Oga Datong ya ce saura ya nemi kujerar shugaban ƙaramar hukuma.

Baffa Hamman, ƙanen Baba, ya biyo daga kasuwar shanu. In ya juya gefe kamar Baba ne ya dawo, shi ya sa nake zama ta gabansa.

Ya ce, "Kai, babbar rigata tun Sallah take a goge. Sai yaushe zan sa ta? Ko sai asu ya rigaye ni?"

Na ce, "Baffa, an kusa."

Inna daga madafa ta ce, "Ƙyale shi, Hamman. Jira yake jikokina masu dogon kunne su ba shi izini."

Suka yi ta dariya. Ni na sunkuyar da kai ina tsinkar tabarma. Wasa take yi. Ina ganin wasa take yi.

Litinin, 21 ga Yuli, da hantsi

Lafiya lau. Ruwa ake yi tun safe, su kuwa sun kwanta sun miƙe ƙafa kamar masu gidan.

Laraba, 23 ga Yuli, da hantsi

Kansila.

A ƙarƙashin haɓa, ta hagu. Kamar ƙwayar wake. Yatsana ne ya ji kafin ni in ji. Na janye hannu kamar na taɓa garwashi.

Ta hagu.

Na kira Oga Datong, ya taɓa, ya ce, "Hmm." Ya ce ba nan ne wurin allurar ba, amma dole a duba, don abin da ake gadi ke nan. Dokta ta tafi taro Abuja sai mako mai zuwa. Ya buga mata, ta ce a ware shi a ƙaramin ɗaki, likitan dabbobi zai zo ranar Juma'a.

Ni na ɗauke shi na kai shi. Yana ta cusa hanci a hammatata yana neman abinci. Oga Datong ya ce in buɗa gashin wurin mu gani da kyau, na ce bari in kawo masa ruwa tukuna. Da na dawo an kira shi wani aiki. Ban buɗa ba.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan La'asar

Kumburin ya ƙara girma. Sauran lafiya. Ban ci abinci ba, ba don komai ba, taunar ce ba na so.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan an sauko daga masallaci

Likitan bai zo da wuri ba, ni kuma na tafi masallaci. Ina fitowa, ina neman takalmina a cikin jama'a, wayata ta yi ƙara. Oga Datong ne, daga tasha, zai tafi ƙauyensu ɗaurin auren ƙanwarsa. Hayaniyar 'yan kamasho ta cika wayar.

Ya ce, "Baban yara! An buɗe kumburin Kansila. Abun daji ne."

Na ce, "Oga, me ka ce?"

"Na daji ne, na daji! Likita ya cire shi. Ka ba shi abinci kawai, kar ka taɓa bandeji. Sai Litinin!"

Waya ta yanke. Na sake kira ba ta shiga ba. Ƙauyensu ba sabis.

Yadda ya faɗa, kamar mai ba da labarin ƙwallo. Ban ga laifinsa ba. Su a wurinsu zomo ne guda, sun gano abin da suke nema.

Ciwon daji. To ga shi na rubuta. Ba ni na fara faɗa ba.

Baba ma an cire masa. Ba sau ɗaya ba.

Wani dattijo ya taɓa ni ya ce, "Samari, a kan takalmina kake tsaye."

Asabar, 26 ga Yuli, da hantsi

Na kai wa Kansila abinci. An naɗe masa haɓa da farin bandeji, an ɗaure ta saman kai. Ban tsaya kallo ba, na tura kwanon ina duban bango.

Amma kunnena ya ji. Ci yake yi kamar an ce za a ƙwace. Ya fi shekaranjiya kuzari nesa ba kusa ba. Baba ma ya samu mako guda irin haka, har ya ce a dama masa fura, muka yi ta murna.

Na shafa sauran. Babu komai a jikinsu. Ban san me zan yi da wannan babu komai ɗin ba yau.

Na wanke keji duka, har waɗanda ba su yi datti ba, ina ta haɗa maganar da zan gaya wa Safara'u. Duk wadda na haɗa sai ta fito kamar ƙarya. Ita kuwa tana jin ƙarya tun kafin a gama ta.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan La'asar

Ban je ba. Ta kira, ina kallon wayar har ta gaji.

Litinin, 28 ga Yuli, bayan Azahar

Ya Allah. Bari in rubuta a hankali.

Oga Datong ya shigo da safe yana waƙar coci, da kular gwate, faten tsaki da ganye, a hannu, wai ragowar biki ya kawo min. Yana ganin fuskata ya tsaya.

Ya ce, "Wa ya mutu?"

Na ce, "Oga, in Dokta ta dawo ina son ganinta. Tunda nawa ne aka sa masa."

"Naka me?"

"Namana. Tunda ya fito masa."

Ya dube ni, ya dubi ƙofar ƙaramin ɗakin. Ya ajiye kula ya wuce, ya dawo da wata 'yar kwalba ya ɗaga ta saitin taga. A ciki akwai wata farar aba, gajeriya, mai ƙiba, tana kwance a cikin ruwan magani.

Ya ce, "Ga mutumin."

Na ce, "Mene ne wannan?"

"Tsutsa mana! Wani ƙuda ne yana yin ƙwai a ƙasa mai damshi. Garin katako da muka shanya a baya, a nan ya samu hanya. Ya shiga fata ya yi gida. Likita ya shafa basilin a bakin ramin, mutumin ya rasa iska, ya leƙo kai, cak, aka kama shi da hantsaki."

Na ce, "Oga, daji ka ce min."

"E mana. Abun daji. Daga daji ya zo, inda ciyawa da biri suke."

Sai ya sauke kwalbar. Na ga abin yana shigarsa a hankali, bakinsa yana buɗewa.

Ya ce, "Wayyo Yesu. Kai ciwon kansa ka ɗauka? Lukuman, mu kansa muke cewa! A gida kansa, a asibiti kansa. Allah ya sani na manta ku daji kuke ce masa."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, a kan siminti, kusa da buhun abincinsu. Dariya ce ta fara zuwa. Na yi ta yi ina nuna kwalbar. Wannan 'yar abar! Na san ta fa. Na taɓa ganin an matse irinta a jikin wani kare a Jos Jarawa. Da na buɗa gashin nan ranar Laraba da na ga ramin da idona. Daga nan dariyar ta juye ta zama wani abu, na rufe fuska da riga.

Oga Datong bai ce in yi shiru ba. Zama ya yi a ƙasa kusa da ni, da wandonsa na biki. Da na samu numfashi na gaya masa labarin Baba, da abin da na ɗora wa zomayen nan, da maganar Safara'u. Ban taɓa gaya wa kowa da baki ba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu har na gama.

Ya ce, "Kai kaɗai ka ɗauki wannan kaya, ni kuma kullum ina maka wasan gado? Ka yafe ni, ɗan'uwa."

Na ce, "Oga, ba ka sani ba ne."

Ya buɗe kula ya miƙo min cokali. "Ci. Kansila dai, ba kansa ba."

Na cinye gwaten nan tas. Ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba, ga shi ya huce, ga yakuwa ta yi yawa.

Na shiga na ɗauki Kansila na dube shi ido cikin ido. Ya ciji maɓallin rigata.

Talata, 29 ga Yuli, da yamma

Dokta ta dawo. Na yarda Oga Datong ya gaya mata. Na zata za ta yi dariya, ba ta yi ba. Ta aiko in same ta a ɗakin da take duba haƙora.

Ta ce, "Lukuman, wa ya ce maka zomo zai gaya maka lafiyarka?"

Na ce, "Ba kowa, Dokta. Ni na ga kamar haka ne."

Ta ce, "Abin da muke tambayar zomo daban ne. Irin nan ya daɗe a kwano a hannunmu, muna ba shi abinci yana yaɗuwa. Muna son mu sani ko rainon da muka yi masa ya canja masa hali. Da ya yi tsiro a jikin Kansila, ba zai nuna bakinka yana da ciwo ba. Yanzu da bai yi ba, shi ma bai nuna bakinka lafiya yake ba."

 Ashe duk murnar jiya a kan iska na gina ta.

Ta nuna kujera ta ce, "In kana son sanin bakinka, baki ake dubawa. Hau."

Kujerar nan ce dai da aka cire min haƙori. Ta kunna fitila, ta sa safar hannu. Ta ɗaga harshe ta duba ƙasansa, ta bi dasashi sama da ƙasa da yatsa, ta bi cikin kumatu, ta lalubi wuyana har bayan kunne. Sai na ga ashe yadda nake shafa zomaye haka take shafa ni. Na ƙura wa silin ido ina salati a zuci. Da ta zo ta hagu na riƙe hannun kujera.

Ta tambaye ni ko Baba yana shan taba. Na ce ba ya busawa, amma ta gari ba ta barin leɓensa, tun kafin a haife ni. Ta ce ni fa? Na ce ko sau ɗaya. Ta gyaɗa kai. Ta ce irin wannan ciwon ba a cika gadonsa ba, ya fi bin abin da baki ya daɗe yana sha.

Ta kashe fitila ta ce, "Babu komai. Bakinka lafiya lau. Sai dai burushinka bai san hanyar can baya ba."

Na ce ta sake faɗa. Ta sake.

Ta ce ba za ta yi min alkawarin gobe ba, wannan na Allah ne, amma in riƙa zuwa tana dubawa lokaci-lokaci, kuma in na ji wani abu in zo wurin mutum, ba wurin zomo ba. Sannan ta ce ita ma da sakacinta, tun ranar da na amsa mata da sauri haka ya kamata ta tambaye ni dalili.

Aiki dai yana nan. An zubar da garin katakon, an sa raga a taga. Akwai sauran makonni kafin a duba cikinsu. Na san abin da hakan ke nufi, ban shirya rubuta shi ba tukuna.

Na fito ina jin iska tana shiga min har ƙasan ciki.

Laraba, 30 ga Yuli, da safe

Babu komai, ni da su.

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan La'asar

Na je gidan su Safara'u. Ta bar ni tsaye a zaure har ƙafata ta yi sanyi. Da ta fito ba masara, ba gaisuwa mai tsawo.

Ta ce, "Ashe wayarka tana da rai."

Na ce ta zauna, ina da magana. Na gaya mata duka, tun daga haƙori har kwalba. Da na zo kan daji da ciyawa da biri na saci kallonta ko za ta yi dariya. Ko murmushi ba ta yi ba.

Ta ce, "Bari in gane. Wato zomo ka tambaya ko za ka aure ni."

Na ce, "Ba haka ba ne."

"Haka ne mana. Ka tambayi Kansila, ka tambayi Hajiya wace ce, ni ce kawai ba ka tambaya ba. To da a ce da gaske ne fa? Da a ce ba tsutsa ba ce?"



Ta ce, "Sai ka ɓace. In yi ta kira kana kallon waya. In zauna ina tunanin me na yi maka."

Na ce, "Safara'u, ba ki ga abin da Inna ta gani ba."

Ta ce, "Ban gani ba. Amma ka taɓa tambayar Inna ko da ta sani da ba ta aure shi ba?"

Ban taɓa ba. Ko a raina ban taɓa ba.

Ta goge ido da bakin gyale, haushi take ji da hawayen ma. Ta ce, "Ni ba na son mai yanke min hukunci a ɓoye, ko da don tausayina ne. In ciwo ne, a gaya min, ni zan ce zan iya ko ba zan iya ba. Ka ji?"

Na ce na ji.

"Ka ji da gaske, ko irin jin da ka yi wa Oganka?"

A nan ne ta kasa riƙewa, dariyar ta kuɓuce mata, ta juya baya tana toshe baki. Ni ma na sake. Ƙanenta ya leƙo ya ga ko lafiya.

Daga can ban biya gida ba, gidan Baffa Hamman na wuce. Na same shi yana alwala. Na durƙusa na ce, "Baffa, jibi."

Ya ce, "Jibi me?"

Na ce, "Rigar."

Lahadi, 3 ga Agusta, bayan Azahar

Sun je, sun dawo. An ba ni.

Da safe, kafin su tafi, na samu Inna tana ɗaure goro a ganye. Na tsuguna na yi mata tambayar da Safara'u ta ce ban taɓa yi ba. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da ɗaurinta.

Ta ce, "Da na sani, da tun da wuri zan aure shi, in ƙara samun shekaru. Miƙo min igiyar nan, ɗan nan, za ka sa su makara."